Abin Da Talabijin Ɗin Baba Ya Nuna Mana

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maman Ummi da yara baki ɗaya. Yaya aiki, yaya kuma sanyin da ka ce ya fara shigo muku? Allah Ya ƙara lafiya da rufin asiri, Ya tsare mana ku a inda kuke, Ya sa albarka a guminka. Mu nan sai godiya. Baban yara yana nan yana fama da shago, Babba ya wuce aji na gaba, Auta kuma ta fitar da haƙoran sama, duk wanda ya miƙa mata yatsa sai ya yi da-na-sani. Jikin Baba yana nan yadda ka sani. Ɓarin dama bai motsa ba, magana ba ta dawo ba, amma yana cin abinci kuma yana gane kowa.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali waya tana hannuna. Duk lokacin da ka kira kana tambayar ko an haɗa kayan da ka aiko, sai in ce maka zan yi maka bayani, har ka fara cewa ina yi maka yawo da hankali. Ba haka ba ne, Yaya. Idan ka kira, Inna tana kusa da ni, kuma ka san halinka, idan ranka ya ɓaci ba ka barin mutum ya kai aya. Ita takarda ba a katse ta. Don Allah ka sami wuri ka zauna kafin ka ci gaba, kuma ka karanta har ƙarshe kafin ka kira kowa.

Ka tuna yadda abin ya fara. Na ga shatin yatsu a damtsen Baba, jini ya kwanta a ƙarƙashin fata, daga baya kuma ga ƙujewa a gwiwa. Likita ya ce maganin da yake sha yana sa jiki saurin tabo, amma wannan kam riƙo ne na ƙarfi. Inna ce ta fara cewa aikin Dogo ne, wato tsohon ma'aikacin asibitin nan da muka ɗauka yake yi wa Baba wanka yana juya shi. Ta faɗa tana kuka, ta ce ta shiga ta tarar da rabin jikin Baba a ƙasa bayan Dogo ya tafi cin abincin rana. Da muka tambayi Baba ko Dogo ne, sai ya girgiza kai ya rufe ido, mu kuma muka ɗauka tsoro ne. Kai ka ce kada a yi wa kowa magana sai an ga zahiri, za ka aiko da kyamara da akwatin da yake ɗaukar hoto yana ajiyewa, a haɗa da talabijin a gani. Wannan shawara ce mai kyau, kuma har gobe ban ga laifinta ba.

Kayan sun iso lafiya. Kyamarar ba ta fi ƙwai ba, akwatin baƙi ne siriri, sai rimot da dunƙulen wayoyi da takardar bayani da aka rubuta da yaren da ko baban yara bai san gabansa da bayansa ba. Tun daga filogi muka fara cin karo, domin ƙafafunsa faffaɗa ne, ramukan soket ɗinmu kuma zagayayyu, sai da aka sayo masa wani kai. Na kira mai gyaran rediyon nan na bakin titi da ake ce wa Injiniya, ya zo da yamma bayan Dogo ya tashi. Ya ɗora kyamarar a saman kabad ɗin kayan Baba, ya bi da wayar ta jikin bango, ya zura ta ƙarƙashin ƙofa har falo. Da ya kunna akwatin sai wata 'yar jar wuta ta fara ƙiftawa, ya ce shi ke nan, ɗauka ta fara. Na yi wa Inna bayani tana tsaye a wurin, ta ce madalla, Allah Ya tona asirin azzalumi.

Matsalar ta taso ne da aka juya bayan talabijin. Ka san shi, mai ƙusumbin nan da Baba ya saya tun muna makaranta, wanda ka sha cewa za ka canza masa yana cewa ba ya saki sai da laifi. A bayansa ramin eriya ne kawai da ramuka uku, rawaya da fari da ja. Akwatinka kuwa baki ɗaya gare shi, siriri mai faɗi, irin na talabijin ɗin zamani. Injiniya ya yi dariya ya ce an haɗa tsoho da ɗan jiya, kowa da yarensa, sai an samo musu tafinta, wato wata 'yar na'ura da take shiga tsakani. Baban yara ya kawo shawarar a aro talabijin na zamani a ajiye na Baba gefe. Da Inna ta ji za a ɗaga shi daga kan teburinsa sai ta fashe da kuka, ta ce mai gidan zai dawo ya tarar an taɓa masa kaya. Maganar ta ɗan daki kunnena, domin mai gidan yana kwance a ɗaki, amma na ce a raina gajiya ce, na ce a bar mata. Ɗaukar akwatin zuwa gidan wani kuma ban yarda ba. Idan an cire shi ɗauka ta tsaya, sannan ba zan kai tsiraicin mahaifina falon maƙwabci ba.

Tafintan farko da Injiniya ya kawo, aka haɗa, aka kunna, fuskar talabijin ta yi shuɗi ta tsaya. Ya canza wayoyi, ya hura ramuka, ya buga gefen talabijin yadda Baba yake yi, shiru. Sai da ya sa tabarau ya duba kwalin ya gane an ba shi na baibai, wanda yake ɗaukar tsohon akwati ya kai sabon talabijin. Mai shagon ya ce irin wanda muke nema ya ƙare, sai kaya sun zo. Haka muka zauna muna jira, jar wutar nan tana ta ƙiftawa a falo, abin da muke nema yana cikin akwati a gabanmu amma babu idon ganinsa.

A cikin wannan jira ne wani sabon tabo ya fito a wuyan hannun Baba, na faɗa maka, kai kuma ka kira Kawu. Ban san abin da kuka tattauna ba. Abin da na sani shi ne Kawu ya tare Dogo a ƙofar gida, a gaban masu zama a bencin mai shayi, ya kira shi azzalumi mai cin amanar maras lafiya, ya ce an sa masa ido kuma asirinsa ya kusa tonuwa. Dogo ba waliyyi ba ne, shi ma ya mayar da baƙar magana, ya jefar da makullin gidan a gaban Kawu, ya ce idan an ga abin da za a gani a zo a kama shi, kowa ya san gidansa. Daga ranar ni da baban yara muka karɓi ɗawainiyar Baba, ni da safe shi da yamma, tsakar rana kuma Inna. Tabo bai daina fitowa ba, Yaya. Na ce wa kaina rashin iya ɗagawarmu ne.

Ran Asabar da ta wuce waccan, da la'asar, Injiniya ya zo da tafintan gaskiya. Mun riga mun fito da Baba falo a kujerarsa domin lokacin labarai ya kusa, Inna tana zaune kusa da shi tana yi masa fifita, Kawu kuma ya zo musamman. Shi ma wannan tafintan ashe yana bukatar wutarsa daban, sai da aka cire fanka aka ba shi soket. Aka sa siririyar waya daga akwati zuwa tafinta, aka sa masu kala uku daga tafinta zuwa talabijin. Hoto ya fito fari da baƙi yana ta gudu sama kamar ana jan sa da igiya. Injiniya ya tura wani ɗan maɓalli a gefen na'urar da farcensa, hoton ya tsaya cak, kala ta zo. Sai ga gadon Baba a talabijin, da zanin gadon da na shimfiɗa da safe, da kwalaben magani a kan kujera. Har mun ɗan yi murna, Inna ta ce ikon Allah, ɗakinta ya shiga labarai. Injiniya ya nuna mini yadda ake tariyowa baya, ya tattara kayansa zai fita, Kawu ya ce ya zauna ya zama shaida, gani ya kori ji, a mayar da mu kwanakin Dogo.

Mun ga Dogo. Mutum ne mai mita, yana aiki yana gunaguni, ya kunna rediyon Baba ba tare da ya tambaya ba, har akwai inda ya shanye ragowar shayin Baba ya goge baki, Kawu ya ce to kun fara gani. Amma hannunsa, Yaya, ban da abin cewa. Yana rufe Baba da tawul kafin ya cire masa riga, yana sa tafinsa a ƙarƙashin kai kafin ya juya shi, yana shafa masa mai a diddige. Muka yi ta turawa gaba muna jiran inda zai canza, bai canza ba. Rana ta yi, ya gyara wa Baba matashi, ya ja ƙofa ya fita.

Can sai Inna ta shigo hoton da wanki a hannu. Ta tsaya a tsakiyar ɗaki tana kallon gadon, ta daɗe a tsaye. Sai muka ji muryarta ta fito daga talabijin tana tambayar Baba ko shi wane ne, wa ya ba shi izinin hawa gadon mijinta. Ta ce mijinta yana hanyar dawowa daga aiki, idan ya tarar da ƙato a ɗakinsa me za ta ce masa, ya tashi ya fita tun mutane ba su ji ba. Ta zubar da wankin, ta kama damtsensa da hannu biyu ta fara ja. Ban san Inna tana da wannan ƙarfin ba. Baba bai ture ta ba, alhali hannunsa na hagu yana aiki. Ya ɗora shi a kan nata yana shafawa, maƙogwaronsa yana fitar da wannan sautin da yake yi idan yana son kiran ta. Ta ja shi har gwiwarsa ta goge ƙarfen gado, rabin jikinsa ya sauko ƙasa, sannan ta gaji ta fita tana haki. Ya zauna a haka shi kaɗai, ban iya ƙirga tsawon lokacin ba. Da ta dawo da kofin ruwa a hannu sai ta saki kofin, ta ruga tana salati tana kiran sa maigida, tana tambayar wa ya yi masa haka. Ta yi ta fama har ta mayar da shi kan gado, tana kuka tana tsine wa Dogo.

 Rimot yana hannuna amma na manta inda ake dannawa a tsayar. Inna ce ta fara magana. Ta nuna talabijin da mafici ta tambaye mu wace muguwar tsohuwa ce wannan, wa ya bar ta ta shigo mata gida, kuma a duba, har zaninta ta sata ta ɗaura. Ta juya wajen Kawu ta ce shi yana zaune ana yi wa mijin yayarsa haka, ya tashi ya kira 'yan sanda. Kawu ya zame daga kan kujera ya zauna a ƙasa ya riƙe kansa. Da na dubi Baba, hawaye ya jiƙe masa wuyan riga, ya miƙa hannun hagu yana nuna soket yana girgiza kai. Injiniya ne ya tashi ya zare wayar. Ya ɗauki jakarsa, a bakin ƙofa ya ce mini shi bai ga komai ba, kuma shi ma yana da uwa. Allah Ya saka masa, har yau ban ji maganar a bakin kowa ba.

Daga baya na zauna ni kaɗai na kalli sauran kwanakin. Ba kullum take yi ba, wata rana ta shigo lafiya ta zauna tana yi masa hira tana yanke masa farce. Amma ta yi kafin Dogo ya bar aiki, ta yi bayan ya bari. Sai abubuwa suka riƙa dawo mini. Butar shayin da ta ƙone ƙurmus a kan wuta, makullin da muka tsinta a cikin firij, gishirin da take sawa sau biyu, ranar da ta kira Auta da sunana ta ce ta zo ta yi mata wanka. Duk mun yi dariya mun ce jinya ce ta gajiyar da ita. Hankalinmu yana kan wanda yake kwance, ba mu dubi wadda take tsaye ba. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to mu muna cikin ɗakin ruwa yana zuba a kanmu ba mu sani ba. Baba kaɗai ya sani, kuma ko da bakinsa yana buɗe ba na jin zai faɗa.

Mun kai ta asibiti, na ce mata awon jini za a yi. Likita ya yi mata tambayoyi, ta faɗi sunan malamarta ta firamare amma ta kasa faɗin shekarar da muke ciki. Ya ce ciwon mantuwa ne na tsufa, ba hauka ba ne kuma ba laifinta ba ne, ya daɗe yana cin ta a hankali. Ya ce babu maganin warkewa, sai wanda zai ɗan rage masa gudu, kuma gaba za ta fi haka. Ya gargaɗe ni kada a sake barin su su biyu ko na ɗan lokaci, kuma kada a nuna mata abin da ta yi ko a tuna mata, domin ba za ta riƙe maganar ba, zafin kawai zai zauna mata. Gwaggo ta dage cewa shafar aljanu ce, na bar ta tana kawo addu'o'inta, addu'a ba ta ɓaci.

Sai maganar Dogo, wadda ita ce take hana ni sakewa. Mun je gidansa ni da Kawu. Ashe tun ranar da aka yi masa tonon silili a ƙofarmu, sauran gidajen da yake yi wa jinya suka sallame shi, domin wa zai bar maras lafiyarsa a hannun wanda aka ce yana duka. Kawu, da girmansa da furfurarsa, ya durƙusa ya ba shi haƙuri. Dogo ya ce ya yafe saboda Baba, amma ƙafarsa ba za ta sake taka gidanmu ba, kuma a inda aka ɓata shi nan yake so a wanke shi. Gaskiyarsa ce. Kawu ya koma bencin mai shayi ya faɗa a gaban kowa cewa ya zalunci Dogo, hannunsa tsarkakakke ne. Aka tambaye shi to wane ne, ya ce wannan maganar gida ce. Magana zarar bunu ce, ba ta komawa yadda ta fito. Wasu sun yarda, wasu sun ce an dai rufa masa asiri ne, wasu kuma yanzu suna cewa ai ni ce ko baban yara. Jiya wata maƙwabciya ta amsa gaisuwata da ƙyar. Na gwammace a ce ni ce. Dogo har yanzu bai koma aiki ko'ina ba, kuma ina ganin akwai hakkinsa a kanmu duka, har da kai. Ka kira shi da bakinka, na sa lambarsa a bayan takardar nan.

Yanzu na kwaso yara na dawo gidan gaba ɗaya, baban yara yana zuwa yana komawa, bai taɓa yi mini ƙorafi ba amma ina ganin ramarsa. Na rufe shagon ɗinki, na kawo keken falo. An sake haɗa wayoyin, talabijin yana kunne tun safe yana nuna ɗakin Baba kai tsaye, ina taka keke ido ɗaya a kan allura ɗaya a kan gadonsa. Idan na ga Inna ta shiga ta tsaya a tsakiyar ɗaki tana kallo, sai in tashi da sauri in ce mata ta zo ta taya ni zura zare. Idan aka ɗauke wuta kuwa, ɗinki ya tsaya ke nan, sai in koma bakin ƙofar in zauna. Baba ya daina kallon labarai. Ko an fito da shi falo, juya fuska yake yi bango. Inna kuma wani lokaci tana zama a gaban talabijin tana tausaya wa bawan Allahn da yake kwance a ciki, tana tambaya ta ko yana da 'ya'ya.

Ka ce da zarar an haɗa a turo maka abin da aka ɗauka. Ba zan turo ba, Yaya, ka yi haƙuri. Ba na son ya shiga wayar kowa, kuma ba na son ka ga Inna a haka kana can kai kaɗai, babu ita a kusa da za ka duba ka tuna ko wace ce. Kada kuma ka ce za ka aiko da wata na'urar ko ka ɗauko wani mai jinya daga nesa. Ka yi iya ƙoƙarinka, babu wanda zai ce ka gaza. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma nawa ya fara rawa. Ka nemi hutu a wurin aiki ka zo, ko na ɗan lokaci ne, mu zauna da Kawu mu san yadda za a yi. Likita bai iya faɗa mini yaushe za ta daina gane mu ba. Ni wata rana tana ɗauka ta 'yar aiki ce. Kai kuwa sunanka bai taɓa kuɓuce mata ba tukuna, shi ya sa nake cewa ka yi sauri.

Ka gaishe mini da maman Ummi da kyau, ka ce na gode da saƙonta, kuma kai ka san abin da ya kamata ka faɗa mata daga cikin wannan. Ka shafa mini kan Ummi da Abba da ƙaramin da ban taɓa ɗauka ba. Kawu yana gaishe ka, ya ce kunya ce ta hana shi ɗaga wayarka. Gwaggo da baban yara da Babba duk suna gaisuwa. Na faɗa wa Baba ina rubuto maka, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Inna ma ta ga ina rubutu ta tambaya, na ce kai nake rubuta wa. Ta ce in faɗa maka idan an tashi daga makaranta kada ka tsaya wasa a hanya, ka dawo gida tun da sauran haske.

Allah Ya ba su lafiya, Ya ba mu ikon yi musu abin da suka yi mana, Ya kawo ka lafiya.

Wassalam,
Ƙanwarka, maman Babba.